Me ya hana makarantar Katolika sauka a Boɗinga da Shagari?

Tsofaffin 'yan boko na Kaduna sun san cewa Kwalejin Rimi ita ce St. John's ta da, wadda limaman Katolika suka kafa, gwamnati ta karɓe a 1972 ta sauya mata suna. Kwalejin Sarauniya Amina ma haka. Amma wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Boɗinga har Shagari ba zai ga tsohuwar sakandaren mishan irin waɗannan ba. Me ya sa?

Wasu kan ce ƙin karatu ne. Ban yarda ba. Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga yana wallafa littattafai, ba za a jefe ta da wannan zargi ba. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kafin siyasa.

Bakin zaren yana Maris ɗin 1903. Da Turawa suka ci Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma a kan wannan alkawari Razdanoni suka riƙa hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi. Boko ta shigo ta hannun En'e, da elementare da midil.

Sai kuma jirgin ƙasa. Katolikan farko a lardin Sakkwato galibinsu 'yan kudu ne, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, su kuwa inda dogo ya bi nan suke taruwa. Dogon ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, bai ko kusanci Sakkwato ba. Shi ya sa da Fadar Paparoma ta yanke yankin Sakkwato a 1953 ta damƙa wa 'yan ɗarikar Dominika na Amurka, Gusau suka mayar cibiya. Can ma 'yan sista daga Kansas suka sauka a 1956.

Lokacin da 'yan Dominika suka samu gajere ne ƙwarai. Edward Lawton ya zama bishof na farko na Sakkwato a 1964, ya rasu a 1966, shekarar da tarzoma ta kori mafi yawan mabiyansa zuwa kudu. Da yaƙin basasa ya ƙare, gwamnatocin jihohi suka fara karɓe makarantun mishan, tun Katolika ba su tara jama'ar da za ta cika ajin sakandare a Boɗinga ko Shagari ba.