Sanda: Ƙafa Ta Uku Tsakanin Wurno Da Gundumi

A watan nan na karanta gajerun labaran tarihi guda uku na sababbin alƙaluma, duka a kan zamanin daular Usmaniyya. Kowane jarumi a ciki yana bisa ingarma, takobi a rataye. Ban ga mutum ɗaya riƙe da sanda ba, alhali mafi yawan mutanen wancan zamani da ƙafarsu suka ci hanya.

Mu ɗauki gabashin Sakkwato misali, daga Rabah zuwa Wurno har Kagara ta ƙasar Goronyo. Wanda bai san wurin ba yana ɗauka shimfiɗaɗɗen yashi ne. Ba haka ba ne. Akwai fadamar gulbin Rima a ƙasa, sannan ga tuddai masu shafaffen kai, marmara a samansu, gangarensu cike da tsakuwa mai zamewa. Duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai, har wata dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankin aka laƙaba mata sunan Goronyosaurus a 1972. A kan irin wannan tudu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajejen 1830 don tare harin Gobirawa, kuma a nan ya rasu a 1837. Duk mai noma a fadama yana kwana a cikin ganuwa, kullum sai ya hau ya sauka da kaya a ka.

Inda sanda ta fi nuna amfaninta shi ne dajin Gundumi. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa shi kan hanyarsa daga Katsina. Babu ruwa, ga tsoron mahara, don haka ayarin ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba a sauke kaya ba, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, daga nan ya wuce Wurno ya zauna kusan wata guda. Shi Barth yana kan doki. Ku yi tunanin 'yan alaro da masu kora jakuna da ke biye da shi. Mutumin da zai ɗaga sanda ya dasa ta sau dubbai tsakanin fitowar rana da wata fitowar, nauyin da ba ya ji da safe shi zai kashe masa kafaɗa da asuba. Saboda haka zaɓen sanda marar nauyi ba sabon ilimi ba ne a wurinmu.

Matafiyi ba ya saran kowane icce. Gora ta fi kowa rashin nauyi saboda cikinta fanko ne, amma idan ta bushe sosai tana tsagewa, musamman in aka riƙa dukan dutse da gindinta. Dargaza da geza suna da danƙo, suna lanƙwasa kaɗan su dawo, shi ya sa makiyaya ke son su. Marke da aduwa kuwa ƙarfi gare su, sai dai nauyi. Marke ya fi dacewa da ƙotar gatari, aduwa kuma mun fi saninta a allon karatu. Bayan an saro reshe, a kan gasa shi a wuta a miƙe shi tun yana ɗanye, a fere, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a riƙa shafa masa man shanu har ya yi ja yana ƙyalli. Mai hali yakan kai wa maƙeri ya sa ƙarfe a gindin.

Tsawo ma da dalilinsa. Sandar makiyayi takan kai ƙirji ko kafaɗa. A wajen hawa sai ya sassauto da hannu ya kama tsakiya, a gangare kuma ya kama can sama, ya dasa ta a gabansa kafin ya jefa ƙafa, ta ɗauke wa gwiwa wani kaso na nauyin jiki. In ya gaji ya gitta ta a wuya ya rataya hannuwa. Abin da ya ba ni dariya, wannan dabarar ce Turawa suka mayar ƙarfe. Makiyayan tsaunukan Alps sun daɗe da doguwar sanda mai tsinin ƙarfe, sai a 1974 kamfanin Leki na Jamus ya fito da sandar hawan dutse da ake ƙara mata tsawo a rage. Ƙa'idar da suke koyarwa ita ce gwiwar hannu ta tsaya a kusurwa daidai in kana fili, ka rage tsawo wajen hawa, ka ƙara wajen sauka. Ta alminiyam tana lanƙwashewa in ta sha wuya, ta zaren kabon ta fi ta rashin nauyi amma karyewa take yi farat ɗaya. Wato dai tsohuwar gardamar dargaza da gora ce. A kan tsakuwar tuddan Goronyo, ni dai wadda ke lanƙwasa zan ɗauka.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ma'anar kalmar ta fara karkata. Sandar girma ta zama shaidar naɗin sarki, mai tsaron doka kuma ya zama ɗan sanda. Mota da babur suka zo, sandar tafiya ta koma hannun tsofaffi, makafi da Fulanin daji, har yaro na yau yana jin kunyar riƙe ta.

A nan marubuci ke yin tuntuɓe. Ba kowace sanda ce sanda ba. Kandiri na malami ne ko basarake, kwagiri mai lanƙwasasshen kai na dattijo ne, kulki na duka ne, kere kuwa na mafarauci ne da ke jifan zomo. In ka ba falken da ya fito daga Gundumi kwagiri, mai karatu ɗan Kagara zai ajiye littafin. Ba shi gora wadda gindinta ya fara tsagewa, ya ɗaure da tsirkiyar fata, ga shatin gumi ya yi baƙi a wurare biyu: inda yake kamawa wajen hawa, da inda yake kamawa wajen gangarawa fadama.