Sabunta injin Peugeot 504

Sabunta injin Peugeot 504, wanda makanikai ke kira sauke inji, shi ne aikin ciro injin motar daga mazauninsa, a warware shi, a auna kowane sashe, a sauya abin da ya cinye, sannan a sake haɗa shi. Aiki ne sananne a garejojin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda motar da jama'a ke kira Fijo ta daɗe tana jigilar fasinja da kaya. An daina ƙera ta, amma ba ta ɓace daga hanya ba, domin an tsara injinta ta yadda za a iya cire sassan da ke cinyewa a sa sababbi ba tare da an yar da gangar injin ba.

Tarihi

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, kuma ta zama motar shekara ta Turai a 1969. Ta yi suna a Afirka saboda juriya, har Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita a 1975. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar Peugeot Automobile Nigeria a Kakuri, Kaduna, inda aka riƙa harhaɗa ta. An tsayar da ƙera ƙaramar motar a Turai a 1983, amma aka ci gaba a Ajantina da Kenya da Najeriya, kuma ta Kaduna ta kai tsakiyar shekarun 2000. Wannan tsawon lokaci ne ya sa makanikai da yawa suka koyi sana'a a kanta, kayan gyaranta kuma suka yawaita a kasuwanni.

Fasalin injin

Injin fetur na yawancin 504 mai silinda huɗu ne a jere, kuma an kwantar da shi gefe guda da digiri 45. Na farko, mai suna XM, girmansa 1,796 cc ne. Daga 1970 aka ƙara na XN mai 1,971 cc, wanda daga baya aka sa wa Peugeot 505. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kan injin, wato top silinda, na alminiyam ne. Sarƙa ce ke juya sandar da ke buɗe bawul, a yawancinsu kuma kafireta ke haɗa fetur da iska. Akwai kuma injinan dizal na Indenor.

Babban abin da ya bambanta shi shi ne silif. Fistin ba ya gudu a cikin ramin da aka huda a jikin gangar, sai a cikin wani bututun ƙarfe da ake zurawa, wanda ruwan sanyaya inji ke kewayawa. Idan bututun ya cinye, zare shi ake yi a sa wani tare da fistin da ringinsa, injin ya koma girmansa na asali. A injinan da ba su da wannan tsari, dole a kai gangar wurin injin huda a faɗaɗa ramin, kuma ba a iya maimaita hakan sai sau kaɗan.

Alamomin gajiyar inji

Shuɗin hayaƙi daga salansa da yawan shan baƙin mai suna nuna ringi ko silif sun cinye. Farin hayaƙi mai yawa, da raguwar ruwan lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar madara, suna nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin kuwa alama ce ta lalacewar metal, wato ƙananan faifan ƙarfe masu lanƙwasa da kiranshaf ke juyawa a kansu. Idan aka ci gaba da tuƙi a wannan hali, sandar fistin na iya karyewa ta fasa gangar, daga nan gyara ya ƙare sai sayen wani injin.

Matakan aiki

Ana fara da tsiyaye mai da ruwa, a kwance wayoyi da salansa da akwatin giya, a ɗaga injin da sarƙa. Kowane sashe da aka cire ana yi masa alama, domin fistin da sandarsa da murfin metal ba sa musayar wuri. Bayan wanki sai awo. Kiranshaf da ya karce ana kai shi wurin masu injin gogewa, a rage kaurinsa kaɗan, a sayo metal mai kaurin da ya dace da sabon awon. Kan injin da ya lanƙwashe saboda zafi ana goge fuskarsa, a wasa bawul har su zauna daidai.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne zaman silif. Dole bakinsa ya ɗan ɗara fuskar gangar da wani ɗan awo da littafin kamfani ya ƙayyade, domin gasket ya matse shi. In ya nutse, ruwa zai haɗu da mai cikin ɗan lokaci. Haka kuma kusoshin kan injin ana ɗaure su ne bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Daga nan a daidaita sarƙa da bawul da lokacin wuta. Injin da aka sabunta ana tafiya da shi a hankali da farko, a sauya masa mai da wuri.

Sauye-sauye

Masu motoci kan sauya wasu abubuwa yayin da injin ke ƙasa. Wasu na maye XM da XN don ƙarin ƙarfi, wasu na cire kontak su sa wuta ta lantarki wadda ba ta buƙatar gyara akai-akai, wasu kuma na sa lagireto mai ƙarin layuka. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sha'awar mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta ƙaru.

Ba kowane sauyi ne ke da amfani ba. An saba cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa bisa tunanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Cire shi na sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur, silif kuma ya cinye da wuri. Yawan goge kan inji shi ma yana ƙara matsi a silinda har injin ya riƙa ƙara idan fetur ba shi da inganci.

A yankin Gwandu da Kalgo

A Jihar Kebbi, Fijo doguwa da akori-kura sun yi aikin haya tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo da Jega da Gwandu, da ƙauyuka irin su Maruda, musamman a ranakun kasuwa. Yanayin yankin na gajiyar da inji: ƙurar hunturu na wuce matatar iska da ta tsufa ta ci ringi, zafin bazara kan haura digiri 40, ga kuma lodin buhuna fiye da kima. Ga direban da motar ce abincinsa, zaɓin biyu ne: ya sabunta injinsa, ko ya sayi tsohon inji na waje da ake kira Baljiyam, wanda ba a san cikinsa ba sai an tayar. Manyan kasuwannin kayan gyara sun haɗa da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Jabun kaya na daga cikin abubuwan da ke sa aiki ya lalace ko da bakanike ya ƙware.

Kalmomin sana'a

Yawancin sunayen sassan inji aro ne daga Turanci da aka daidaita da tsarin sautin Hausa. Sautin p ya koma f, kamar a fistin da fulogi da sunan Fijo kansa. Baƙaƙen da suka zo a jere ana raba su da wasali, kamar a fulogi da kiranshaf, sannan r na farkon kalma ya koma l a lagireto. Wasu kalmomin kuwa na gida ne, irin su baƙin mai da akori-kura. Yaran gareji na koyon su ne da baki daga maigidansu, tare da aikin.