Azumin Ramadan ga Masu Sankarar Jini: Auna Tsarin Shan Magani da Awannin Dare a Kano

Tsakure

Maƙalar ta auna ƙa'idojin shan wasu magungunan sankarar jini da awannin azumi a Kano, ta kuma duba hujjar masu cewa yunwa na kashe ƙwayoyin cutar. Matsayarta ita ce sunan cutar kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba. Abin dubawa shi ne maganin da mutum yake sha, da lafiyar ƙodarsa, da matakin da jinyarsa ta kai.

Bitar ayyukan da suka gabata

Tun da Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a 2016, kan yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen cikinta idan abinci ya yanke mata, zancen cewa azumi maganin sankara ne ya yaɗu a bakin jama'a, alhali a kan yis ya gina aikin nasa. Hujjar da ta fi kusa da batunmu ita ce ta Chengcheng Zhang da abokan aikinsa a Dallas, wadda mujallar Nature Medicine ta buga a 2017. Sun riƙa hana ɓeraye abinci kwana ɗaya su ba su washegari, sai nau'in da ake kira ALL ya daina haɓaka. Masu kafa hujja da wannan aiki kan tsallake abubuwa biyu da ke cikinsa ƙarara. Nau'in AML, wanda ya fi kama manya, bai ja da baya ba, kuma abinci aka ɗauke wa ɓerayen, ruwa na gabansu. Gwajin IDEAL na Etan Orgel a Los Angeles, wanda ya fito a 2021, ya rage wa matasa 40 masu ALL kimanin kashi 10 cikin 100 na abincinsu tare da motsa jiki, aka ga raguwar ɓurɓushin cutar a ɓargo. Sai dai da majinyatan shekarun baya aka kwatanta su, kuma babu wanda ya wuni ba ci ba sha. Kamun baki daga alfijir zuwa magariba a zafin bazara wani abu ne daban, kuma ɗora sakamakon waɗancan a kansa ganganci ne da rayukan mutane.

Hanyar bincike

An ɗauki ƙa'idojin shan imatinib, nilotinib da venetoclax yadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da su, aka jera su a kan lokutan salla na Kano a tsakiyar Maris, watan da azumin 2024 da na 2025 suka ratsa. Alfijir na ketowa wajen 5:25, rana na faɗuwa wajen 6:35, wato daren ci da sha bai cika awa 11 ba.

Sakamako

Imatinib, wanda aka fara amfani da shi a 2001 kuma majinyatan Najeriya ke karɓa kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife tun 2003, ba shi da wahala. Yawanci sau ɗaya ake shan sa a rana, da abinci da babban kofin ruwa, don haka yana zama daidai a buɗa-baki. Wani nazari daga Doha a 2021 ya duba masu nau'in CML, cutar da imatinib ke magancewa, da suka yi azumi suna kan magunguna irinsa, bai ga taɓarɓarewa a gwajin jininsu ba.

Nilotinib ne ya fi bayyana abin da nake son nunawa, domin cuta ɗaya yake magancewa da imatinib, amma hukuncinsa ya sha bamban. Sau biyu ake shan sa, da tazarar awa 12, kuma cikin mutum ya zama babu komai: kada ya ci abinci awa biyu kafin sha, kada ya ci sai bayan awa ɗaya. Dalilin mai nauyi ne. Abinci mai maiƙo na ƙara yawan maganin da ke shiga jini da kashi 82 cikin 100, yawansa kuma na iya rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwar farat ɗaya. To a ɗora wannan a kan daren Kano. Mai azumi zai haɗiye ƙwayar farko da ruwa zalla a 6:35, ya zauna yana kallon iyalinsa da dabino da ƙosai da kunun gyaɗa har 7:35. Ƙwaya ta biyu dole ta wuce kafin 5:25, ke nan ya gama sahur kafin 3:25. Ko ya kiyaye duk wannan kwana talatin, tazarar ta koma ƙasa da awa 11 da dare, sama da 13 da rana. Abin da ya fi damuna shi ne hanyoyi biyu masu sauƙi da gajiya za ta tura shi: ya sha maganin a kan abincin buɗa-baki, ko ya bar ƙwaya ɗaya. Ta biyun ma ba ƙaramar asara ba ce, domin David Marin da abokansa na asibitin Hammersmith a Landan sun nuna a 2010 cewa masu shan kashi 90 cikin 100 na imatinib ɗinsu ko ƙasa da haka da wuya cutarsu ta lafa yadda ake so.

Venetoclax kuwa matsalarsa ruwa ce. A masu nau'in sankarar jini da ake kira CLL ana ɗaga shi a hankali daga miligiram 20 zuwa 400 cikin mako biyar, ana shan lita 1.5 zuwa 2 kullum tun kwana biyu kafin farawa, saboda ƙwayoyin cutar na fashewa da yawa a lokaci guda, su zubo gishirin da ke toshe ƙoda. Haka mai sankarar ɓargo, wanda furotin ɗin cutar ke daskarewa a ƙodarsa idan ruwa ya yi ƙaranci. A garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, waɗannan ba su da halin azumi.

Tattaunawa

Za a ce tunda haka ne, a hana kowa a huta. Ban yarda ba. Wanda cutarsa ta lafa shekaru a kan ƙwaya ɗaya, idan aka hana shi ba da dalili ba, zai yi azuminsa a ɓoye ya sauya lokacin magani da kansa, kuma likita ya rasa damar gyara masa. Wasu kuma za su ce lamarin ibada ne, ba ruwan likita. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Baƙara, ya yi wa marar lafiya rangwamen ramawa a wasu kwanaki, malaman Malikiyya kuma sun so wanda ba a sa ran warkewarsa ya ciyar da mudun Annabi a madadin kowace rana. Malami na buƙatar jin sunan maganin daga bakin likita kafin ya san wane ɓangare mai tambayarsa yake, kuma wannan magana a watan Sha'aban ya kamata a yi ta.

Iyakar binciken

Nazarin takarda ne, ba a auna jinin kowa ba, kuma aikin Doha waiwaye ne a kan mutane kaɗan. Magunguna uku ba su wakilci masu karɓar na jijiya a gadon asibiti ba, ko da yake su babu gardama a kansu. Azumi na matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka idan ya shiga hunturu barazanar ƙishirwa za ta ragu, amma daren Kano ba zai taɓa yin tsawon da zai sauƙaƙa nilotinib ba.