Kabewa, Juji da Ragowar Giya: Tarihin Taki Daga Limanti

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai masu noman kabewa ba don miya ba, sai don gasa. Ƙarshen damina sai a ɗora ta a kan sikeli, wanda tasa ta fi nauyi ya karɓi kyauta. A cikinsu ne ake yaɗa wata magana, wai in aka zuba ragowar giyar da ta kwana a gindin kabewa, ɗanta zai yi ƙiba fiye da ƙima. Mutumin Limanti, unguwar malamai da limamai da ke maƙwabtaka da fadar Shehun Borno, in ya ji wannan zance tsaki zai yi ya wuce, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashin zancen tsohuwa ce a Yerwa, garin da Limanti take: me ake yi da abin da ya rage a gida har ya koma amfanin gona? Amsar da garuruwanmu suka bayar tun da daɗewa ita ce ba a kai ragowar komai gindin shuka da ɗanyenta. Sai ta bi ta cikin dabba, ko ta kwanta a juji ta ruɓe. Wannan amsa ta fi ta masu giya hujja, kuma tarihin gasar kabewar kansa shaida ne.

Kabewa baƙuwa ce a Afirka. Asalinta nahiyar Amurka, ta iso nan bayan da jiragen Turawa suka fara ƙetare teku a ƙarshen ƙarni na 15, saɓanin duma da ake ƙwarya da shi, wanda ɗan gida ne. Girman da ake mamaki a yau kuwa bai daɗe ba. A 1900 wani manomi ɗan Kanada, William Warnock, ya kai kabewa mai kilo 181 bajekolin duniya na birnin Paris, aka yi ta al'ajabi. Shekaru masu yawa ba a yi nisa da wannan ba, har Howard Dill na Nova Scotia ya shafe shekaru yana zaɓen iri, ya fitar da wanda ake kira Atlantic Giant. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1996 aka haura kilo 450, a 2023 kuma Travis Gienger na jihar Minnesota ya auna mai kilo 1,247. Giya tana nan tun kafin Warnock, ba ta motsa sikeli ba. Iri ne ya motsa shi. Bayan iri sai ɗawainiya: a bar ɗa guda tak a kan yaɗo, a tsinke sauran, a riƙa binne gaɓoɓin yaɗon don kowace gaɓa ta yi saiwa, a cika ƙasa da ruɓaɓɓen taki tun kafin shuka, a shayar da ruwa ba fashi. Wanda ya yi duk wannan sannan ya ƙara kwalbar giya, in kabewa ta yi kyau, albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Abin da ke cikin kwalbar ma bai taka kara ya karya ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, sai sinadarin maye kusan kashi 5, sai ɗan sukari. Abincin da shuka ta fi buƙata, wanda manomi ke nema a buhun yuriya, kusan babu shi. Sukarin kuwa ƙananan halittun cikin ƙasa yake ciyarwa, su kuma in sun yawaita sai su riga saiwa cinye ɗan abincin da ke wurin. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Cornell a 2006 a kan wani fure ya nuna ruwan da aka gauraya da sinadarin maye kaɗan tsuke girman shuka yake yi, har masu furanni suka mayar da shi dabarar hana ta tsawo.

Don a gane amsar Yerwa, sai a duba yadda aka kafa garin. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814. Bayan an kashe Rabe a 1900 kuma Turawa sun shigo, Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, unguwanni irin su Shehuri da Limanti da Hausari da Fezzan suka kafu kewaye da fada. Wurin da aka zaɓa rairayi ne a bakin kogin Ngadda, ruwan sama kuwa bai wuce na wata huɗu ba, kusan milimita 600 a shekara. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe abinci, sai an ciyar da ita. Abin ciyarwar kuma cikin gari yake. Gidan tsohon gari ba ya rasa turke: dokin mai sarauta, ragon layya, awakin mata, kaji da zabi. Dusar geron da aka surfa ta tafi kaskon tumaki, ruwan tsari ya bi bayanta, ƙanzon tukunya ya zama na kaji. Da safe a share turke, a haɗa kashin da tokar murhu da karmamin da dabba ta tattake, a tara a juji. Can zai kwanta rana ta dafa shi, har ya yi baƙi, ya daina wari, ya riƙa marmashewa a hannu. Kafin faɗuwar damina a loda shi a mangala, jaki ya kai gona ko lambun bakin kogi. Duk wanda ya taɓa lura ya san inda kabewa ta fi son fitowa: gefen jujin nan, daga ƙwayar da aka watsar bayan an yi miyar taushe, ta kama zana ta hau rufin ɗaki. Ba wanda ya zuba mata komai, ta dai sami ruɓaɓɓen taki da danshin makwarara.

Inda aka fi rubuta wannan al'ada shi ne Kano. Binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 a ƙauyukan da ke kewaye da birnin ya nuna jakuna na shiga da itace, suna fita da taki, kuma da haka ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Yerwa ba ta kai Kano cunkoso ba, ga kuma ƙasar firgi da ake dasa masakwa da fadamar Jere da ambaliya ke sabunta su, amma gonar tudu da lambu ba su da wata madogara sai turke da juji.

A unguwa irin Limanti batun taki bai tsaya ga manomi ba, ya shiga zauren karatu. A mazhabar Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, in dai ba najasa take ci ba; shi ya sa tara takin tumaki da shanu a cikin gida bai taɓa zama abin ƙyama ba. Muhtasar na Halil, wanda almajiran Borno suka daɗe suna karantawa, ya lissafa amfanin gonar da aka shayar da ruwa mai najasa cikin abubuwa masu tsarki, haka ma giyar da ta juye ta zama kal. Wato malaman sun gane cewa abu yana canzawa in ya bi ta ƙasa ko ya ruɓe. Amma littafin ya bambanta abin da najasa ta taɓa da abin da shi kansa najasa ne, ya hana amfani da na biyun, giya kuwa a nan ta faɗo. Ke nan kabewar da aka zuba wa giya ba ta haramta ga mai ci ba, ajiye giyar don a zuba ne ba shi da wuri.

Mai musu zai ce ai ba duk Borno ce Limanti ba. A kudancin jihar da duwatsun Mandara akwai al'ummomin da suka daɗe suna dafa giyar dawa, kuma su ne gwanayen raya ƙasa, masu noma a kan matattakalar dutse irin ta Sukur da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Gaskiya ne, amma a duba me suke kaiwa gona. Giya sha ake yi. Abin da ke ragewa shi ne dusa, ita kuma dabba ake ba, kamar bijimin da ake turkewa a rami a ƙosar da shi, takinsa ya hau dutse. Haka ma a kamfanonin zamani, inda kowace lita 100 ta giya ke barin kusan kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, wadda ake tacewa tun kafin a sa yis, kuma masu kiwo ke saye saboda tana gina jiki. Mai dafa giya da malamin da ya haramta ta sun saɓa a kan tukunya, amma hanya ɗaya suka bi zuwa gona. Saboda haka masu cewa da ma kwalabe kusan 240,000 da Hisbar Kano ta farfasa a 2013 an kai su lambu, ba su yi lissafi ba; bayan ruwan da ke ciki, abincin shukar da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai.

Musun da ya fi ƙarfi shi ne takin zamani ya rufe wannan babi. Tun shirin ciyar da ƙasa na 1976 gwamnati ta yi ta rangwame a kan buhu, manomi ya ga ba sai ya yi dakon juji ba. Buhu yana ba da abinci da sauri, wannan ba a ja. Abin da ba ya bayarwa shi ne jikin ƙasa, wato ruɓaɓɓen abin da ke sa rairayi ya riƙe ruwa, shi ya sa masu gasar kabewa, da duk kuɗinsu, har yanzu da takin dabbobi suke fara shiri. Kuma Borno ta ga ranar da buhun ya yi wuya, lokacin da jami'an tsaro suka taƙaita safarar yuriya a arewa maso gabas don gudun a haɗa bam da ita, ga tsada ta biyo baya. Masu lambu sun waiwayi Kasuwar Shanu da turakun unguwa, sai suka tarar jujin ya sauya. Yanzu leda ce a ciki, da fasasshiyar kwalba, da mataccen batir. Mai son taki mai kyau sai ya sa yara su tsince, ko ya tankaɗe shi kafin ya loda a baro, in kuwa ya ƙona tulin don ya rage ledar, ruɓaɓɓen abin da ya zo nema shi ne zai fara cinyewa.