Gyaɗar Ƙauye da Tashar Jirgin Kano

Layin dogo bai ratsa garin Ƙaraye ba, bai kuma ratsa Rogo ba. Wanda ya taso daga Zariya ya bi ta gabas da su ne, ta Ɗangora a ƙasar Ƙiru, ya zarce ƙasar Madobi, ya shiga Kano. Duk da haka, tarihin tashar jirgin ƙasa ta Kano ba ya cika sai an sa irin waɗannan ƙasashe na manoma a ciki, domin daga gonakinsu aka samo kayan da suka mai da ita babbar tasha. Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi, ya kamata a waiwayi abin da ya raya tsohon.

A 1907 Ingila ta naɗa Sir Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, ya shugabanci Arewacin Nijeriya. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne shimfiɗa layi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Sarakuna da hakimai aka sa su tara ma'aikata, da yawa daga cikin talakawan kuma ba da son ransu suka je ba. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. An kafa tashar a wajen ganuwa, kusa da Fagge, kamfanonin Turawa suka gina kantunansu da ɗakunan ajiya a kewayenta, Sabon Gari kuma ya tashi ya karɓi baƙin da jirgi ya kawo daga Kudu.

Auduga Turawa suka sa wa rai, don ciyar da masaƙun Ingila. Lissafin bai fita ba, saboda masaƙan ƙasar Kano suna sayen auduga da daraja fiye da yadda kamfanoni ke tayawa. Manoma sai suka juya ga gyaɗa, wadda Turai ke nema don mai da sabulu, wadda kuma ke ba su tsabar kuɗin biyan haraji. Fataken goro, waɗanda suka daɗe da sanin ƙauyuka da mutanensu, su suka zama dillalai. Suna ba da kuɗi kafin kaka, suna tara buhuna, jakuna da raƙuma na kai su tasha. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba a 1911, amma a 1913 ta haura tan 19,000. A wannan fage Alhassan Ɗantata ya yi fice.

Dalar gyaɗa, wadda ake tunawa da ita a matsayin alamar arziki, tana da wata fuska. Buhunan sun taru ne domin jirgi ya kasa kwashe su a kan lokaci. Layin guda ɗaya ne, faɗinsa milimita 1,067, tafiyar Legas kuma ta haura kilomita 1,100. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ƙarancin injuna da taragu, har amfanin wata shekara yakan tarar da na bara a ƙasa. Ke nan, manomi ya fi ƙarfin tashar tun kafin a kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955.

Sai al'amari ya juye. Farin 1973 ya bugi Arewa, a 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gonakin gyaɗa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, aka yi ta gina tituna, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Da kaya suka daina zuwa, tasha ta yi tsit. An gyara tsohon layin, jirgin fasinja ya koma zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a Disambar 2012, amma tafiyar takan ci fiye da sa'a 30, bai kuma dawo da cinikin da ba.

Sabon yunƙurin ya fi wancan girma. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, a Yulin shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano a Zawaciki, dukansu masu faɗin milimita 1,435. A Zawacikin aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023. A shekarar ce kuma Legas ta fara jigilar fasinja daga tashar Marina, wadda aka ɗaga a kan ginshiƙai saman birni.

Marina abin sha'awa ce, amma matsalar Legas ta warware: cunkoson mutane da ƙarancin fili. Tarihin Kano ya nuna wata buƙata dabam. Abin da ya raya tasharta shi ne sarƙar da ta haɗa gona da tarago: mai ba da jari, mai tara kaya, hanyar da kaya za su bi, da ƙananan tashoshi irin Ɗangora. Ƙasar Ƙaraye da Rogo na noman masara da dawa da rake, madatsar ruwan Chalawa da aka kammala a 1992 kuma tana cikin ƙasar Ƙaraye. Idan manomin yankin bai samu titi mai kyau zuwa tasha mafi kusa ba, da rumbun ajiya, da kuɗin dako da ya fi na tirela sauƙi, buhunansa za su ci gaba da bin mota, kome kyan ginin da aka yi a Kano.