Hoto Mai Zurfi a Jakar Alhaji

A cikin tsarabar da alhazai suka saba dawowa da ita, tsakanin dabino da zamzam da carbi, akwai wani ɗan akwatin roba da yara ke rububinsa fiye da komai. A kara shi a ido, a fuskanci haske, a danna ɗan hannun da ke gefe, sai ga Ka'aba. A sake dannawa sai ga koriyar kubbar Madina, sai fararen tantunan Mina. A garuruwa irin Illela, da ke kallon Birnin Ƙonni ta tsallaken iyaka, ta wannan 'yar taga mutane da yawa suka fara ganin ƙasa mai tsarki tun kafin talabijin ya shiga gidajensu. Abin nan ragowar wata gasa ce da aka shafe sama da shekara ɗari ana yi a Turai da Amurka kan yadda za a adana hoto mai zurfi a kuma kalle shi. A ganina, wanda ya ci gasar ya ci ne domin ya fi jure tafiya, ko da yake a kyan hoto an bar shi baya nesa.

Tushen dabarar ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin idanun mutum kusan milimita 65 ce, don haka kowane ido yana hango abu ta ɗan gefensa, ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta fitar da kusa da nesa. Charles Wheatstone ya bayyana haka a Landan a 1838 da wata na'ura mai madubai. David Brewster ya mayar da ita ƙaramin akwati mai tabarau a 1849, Jules Duboscq ya ƙera ta a Paris, ta yi suna a baje kolin Landan na 1851. A 1861 Oliver Wendell Holmes ya fito da ta riƙewa a hannu, bai kuma yi mata rajistar mallaka ba, sai kowa ya ƙera. Kamfanoni irin Underwood & Underwood da Keystone suka cika falukan Amurka da katuna masu hoto biyu gefe da gefe. Faransawa kuwa suka fi son gilashi: kyamarar Verascope ta Jules Richard, ta 1893, tana ɗauka a kan farantin gilashi mai milimita 45 da 107. Gilashi ya fi kati haske, tunda hasken ratsa hoton yake yi. To amma a lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, maniyyaci daga wannan yanki ƙasa yake bi ta Barno da Wadai da Darfur, tafiyar da kan ci shekaru. Wace jaka ce a bayan jaki za ta kawo farantin gilashi gida lafiya?

Fim mai launi na Kodachrome, wanda ya fito a 1935, shi ya raba hanya biyu. Ɗaya ita ce Stereo Realist, kyamarar da Seton Rochwite ya tsara, kamfanin David White na Milwaukee ya fara sayarwa a 1947. Kowane hotonta ya kai kusan milimita 23 da 24, a jera biyu a ɗan firam, kuma wanda ya leƙa ya ga zurfin da ke sa mutum ya miƙa hannu. Ɗayar ita ce View-Master, da William Gruber da Harold Graves na kamfanin Sawyer's suka nuna a baje kolin New York na 1939: faifan kwali zagayayye mai ƙananan hotuna 14, wato kallo bakwai, kowane hoto bai kai rubu'in na Realist ba. Sai dai a duba abin da kowacce ke nema daga mai ita. Realist tana son ka sayi kyamara mai tsada, ka aika fim ɗakin wanki na musamman, a yanka, a daidaita hotunan a firam ba tare da kuskuren ko ƙwayar gero ba, in ba haka ba ido ya yi ciwo, sannan madubin kallonta yana cin batir. View-Master faifai kawai take so da hasken rana. Kuma girman faifan bai sauya ba, na da yana shiga madubin yau. Kishiyarta Tru-Vue, mai zaren fim da ake ja, wadda aka fara a 1931, Sawyer's ya saye ta a 1951.

Da aikin hajji ya koma ta jirgin sama, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuɗin man fetur ya ninka yawan maniyyata, sai kwaikwayon View-Master mai arha ya cika shagunan Makka da Madina. Ya dace da gidan da ba wutar lantarki, bai buƙatar iya karatu, bai tsoron ƙura, yana zagayawa daga zaure zuwa cikin gida har hannun tsohuwar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba.

Za a ce da yawa daga cikin na alhazan ma ido ɗaya ne, 'yar kyamarar wasa ce kawai, ba zurfin komai a ciki. Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni: da kasuwa ta matsa, zurfin aka fara zubarwa, aka riƙe sauƙin ɗauka da danna-ka-gani. Za a kuma ce kayan yara ne. Wannan bai tsaya ba, domin rundunar sojan Amurka ta sayi miliyoyin fayafayen View-Master a Yaƙin Duniya na Biyu don koya wa dakaru gane jiragen sama da na ruwa. Sukan da ya fi nauyi shi ne na uku, kuma ba ni da niyyar kauce masa. Mai Realist shi ke zaɓen abin da zai ɗauka. Mai faifai abin da wani ya zaɓa masa yake kallo. Akwatin alhaji ya kawo wa mutumin Illela Arfa, bai ba shi hanyar ɗaukar karar shanun garinsu ba, da ƙahonni a gaba, dillalai a tsakiya, ƙurar garke a can baya, wanda kuwa irin wurin ne hoto mai zurfi ya fi yi wa kyau. Sawyer's ya fitar da kyamarar View-Master Personal a 1952 don mutum ya yi faifansa, amma ita ma ta koma neman fim da na'urar yanka ta musamman, wato wahalar Realist ta dawo ta bayan gida. An daina ƙera Realist a farkon shekarun 1970, Kodak ta dakatar da Kodachrome a 2009, ɗakin wanki na ƙarshe da ke iya wanke shi, a jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010.