Tsagar da Ke Cinye Roba: Nazari kan Hasashen Ƙarkonta

Robar da ke riƙe da injin mota ba nauyi guda ke kashe ta ba. Miƙewa da komawa ne sau miliyoyi, har ranar da za ta rabe a ƙarƙashin nauyin da jiya ta ɗauka lafiya lau. Wannan shi injiniyoyi ke kira gajiya, kuma tambayarsu ita ce: sau nawa za ta jure?

Hanya ta farko daga ƙarfe aka aro ta, daga aikin August Wöhler kan gatarin ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus a ƙarni na 19. A yanko samfura, a yi ta miƙa su a na'ura, a ƙirga zagaye har su tsinke. Hanyar tana da sauƙi, sai dai sakamakon yakan warwatsu, don samfura biyu daga faranti ɗaya na iya bambanta ninkin-ba-ninkin.

Hanya ta biyu ce ta bayyana dalili. A 1953, Rivlin da Thomas, masu bincike a Ingila, suka ɗora ra'ayin wani masani mai suna Griffith game da tsaga kan roba, suka nuna cewa abin da ke tura tsaga gaba shi ne yawan kuzarin da robar ke saki idan tsagar ta ƙara faɗi. Ashe kowace roba da aibinta take fitowa daga masana'anta: ɗan kumfa, ƙwayar datti, ko dunƙulen baƙin garin kabon da bai gauraya ba, wanda girmansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Mai sayar da yadi yakan ɗan ciji bakin atamfa da almakashi, sannan ya ja ta yage salin-alin. Haka aibin nan yake, sai dai shi a hankali yake ci. Lake da Lindley sun gano a 1965 cewa akwai iyaka, kusan jul 50 a kowane murabba'in mita, wadda a ƙasa da ita motsi ba ya ƙara tsagar, sai iskar ozon kaɗai ke gaigayarta. Ozon ɗin ne ke barin siraran layukan da ake gani a gefen tayar motar da ta daɗe a ajiye.

A sama da iyakar, irin robar ne ke magana. A robar itace, idan kuzarin ya ninka biyu, saurin tsagar yakan ninka kusan huɗu. A robar haɗi ta SBR yakan kai wajen goma sha shida. Sirrin robar itace shi ne idan ta miƙe sosai, zarurrukanta sukan jeru su daskare a bakin tsagar, su tare mata hanya. Shi ya sa tun 1940 Cadwell da abokan aikinsa suka lura da abin mamaki: robar itacen da ba a barin ta ta saki gaba ɗaya tsakanin zagaye ta fi daɗewa.

A ganina, babban tarkon yana cikin gaggawa. Ba mai iya jiran shekara goma, don haka akan ƙara wa na'ura gudu. Roba kuwa ba ta fitar da zafi da wuri, sai cikinta ya ɗume, a wayi gari ana auna ƙuna da sunan gajiya. Zafin kuma ba ɗaya yake wa kowa ba: daga digiri 0 zuwa 100, ƙarkon robar itace yakan ragu kusan sau huɗu, na tsurar SBR kuwa sau dubbai. Kwamfuta a yau tana iya nuna daidai kusurwar da tsaga za ta fara, amma alƙaluman da aka ba ta ne iyakar saninta. Idan a ɗaki mai digiri 23 aka auna su, to ba a faɗi komai ba tukuna game da robar da za ta zauna gefen inji a hanyar Maiduguri cikin watan Afrilu.